Motar Alfarma a Bakin Daji: Abin da Ake Ƙara Mata da Abin da Take Rasawa

A ƙarshen mako, idan rana ta yi sanyi a yankin Al Badayer, kan hanyar da ta tashi daga Dubai ta nufi Hatta, motoci kan yi jerin gwano a daidai inda kwalta ta ƙare, jan rairayi ya fara. Land Cruiser ne da Lexus da Nissan Patrol, jefi-jefi da Range Rover ko G-Wagen ta kamfanin Mercedes. Kafin kowa ya taka totur, sai ka ga direbobi sun fito sun tsuguna a gindin tayoyi, kowa da ɗan ma'auninsa a hannu, iska na fita tana tsuwa. Tayar da ke ɗauke da iska awo 35 a kan titi sai a sauke ta zuwa 15 ko kusa da haka, har cikinta ya baje a ƙasa. A bayan mota kuma a kafa doguwar sanda mai tuta, don wanda ke hawowa ta ɗaya gefen tudu ya hango ka kafin ku yi karo.

Wanda ya san mota, kallo ɗaya zai yi ya gane da yawansu ba haka suka baro kamfani ba. An ɗaga su sama. An cire bambar roba an sa ta ƙarfe. Wilin nan mai sheƙi ya tafi, wani ƙarami mai kaurin taya ya maye gurbinsa. Wata ma an datse mata leɓen gaba don kada ya riƙa dukan tudu.

Wannan yayi ya wuce ƙasashen Larabawa. Yana Ostireliya, yana Amurka, yana Afirka ta Kudu, kuma hotunansa na shigowa wayoyin matasanmu kullum ta Instagram da TikTok. Tambayar da mutane da yawa ke yi ita ce: me zai sa mutum ya sayi motar da kuɗinta ya isa gina gida, sannan ya kai ta gareji a kwance ta, a huda ta, a yi mata walda?

Asalinsu na daji ne

Amsar farko tana cikin tarihin motocin. Kusan duk wata babbar jif da ake taƙama da ita yau, ba don zuwa ɗaurin aure aka fara ƙera ta ba.

Toyota ta fito da kakar Land Cruiser a 1951, mota ce irin ta soja, sai a 1954 aka raɗa mata sunan da muka sani. Range Rover ta farko, ta 1970, kujerunta ba na fata ba ne, kuma daɓenta roba ne, manomi zai iya sa tiyo ya wanke laka daga cikinta. G-Wagen ta bayyana a 1979 daga birnin Graz na ƙasar Ostiriya, sojoji da ma'aikatan daji ne manyan masu sayenta. A tseren Paris zuwa Dakar na farko, wanda ya ratsa Agadez a farkon 1979, Range Rover ce ta zo gaba a cikin motoci, a 1983 kuma Jacky Ickx ya lashe tseren da G-Wagen.

A hankali masu kuɗi suka gano daɗin zama a sama suna kallon hanya, kamfanoni kuma suka bi kasuwa. Aka shigo da kujerun fata, da katako mai sheƙi, da firiji, da talabijin a bayan kujera. Lexus LX ta fito a tsakiyar shekarun 1990, ita kuwa Land Cruiser ce aka yi wa ado. Lexus GX kuma Prado ce a cikin wata riga. Ƙashin bayan nan mai ƙarfi yana nan a ƙasa, haka ma giyar ƙarfi ta hawan dutse. Abin da ya canza shi ne an lulluɓe su da kayan da ba sa son ƙasa: matakan gefe masu saukowa ƙasa-ƙasa, da bamba mai dogon leɓe, da siraran tayoyi.

Saboda haka yawancin aikin da ake kira gyara don shiga daji, a gaskiya cire ado ne a mayar da mota ga halinta na asali.

Me ya hura wutar yayin?

A Amurka, tsofaffin Lexus ne suka buɗe ƙofa. GX 470, wadda aka yi daga 2002 zuwa 2009, akasari iyalai ne suka saye ta don kai yara makaranta da zuwa kanti. Ta shekara goma ko fiye ba ta taɓa taka laka ba, ana yi mata juyen mai a kan lokaci. Da farashinta ya faɗi, sai masu sha'awar tafiyar daji suka lura cewa ga Prado mai injin silinda 8 ana sayarwa da araha. Suka yi mata caa. Da annobar korona ta rufe filayen jiragen sama a 2020, mutane suka koma yawon buɗe ido a cikin ƙasarsu, suna kwana a daji, farashin irin waɗannan motoci ya sake tashi. Baje kolin Overland Expo da aka fara a jihar Arizona a 2009 ya zama babbar kasuwa ta tantuna da tayoyi da ƙarafa.

A Ostireliya kuwa ba yayi ba ne, larura ce ta fara kawo shi. Ƙasa ce da za ka yi tafiyar ɗaruruwan kilomita ba gari ba gidan mai, ga dabbar kangaru da ke faɗowa kan hanya da magariba. Daga can ne kamfanin ARB ya taso a 1975 a birnin Melbourne, kuma har yau bambarsa ta ƙarfe da shokazobansa na Old Man Emu na cikin waɗanda aka fi nema a duniya.

Akwai kuma son a gani, wannan ba a ɓoye yake ba. Mota mai tanti a sama da shebur a gefe tana ba da labarin mai ita tun kafin ya buɗe baki, ko da kuwa iyakarta ofis da gida.

Taya ce farkon magana

Duk wanda ya daɗe a wannan harka zai ce maka a fara da taya. Lexus LX 570 kan zo da wili mai inci 20 ko 21, da taya mai siririn gefe. A kan kwalta abin sha'awa ne, mota na kwanciya a kwana ba tangaɗi. A kan duwatsu kuwa tamkar an sa wa manomi takalmin biki ne an tura shi gona. Dutse ɗaya mai kaifi ya isa ya tsaga gefen tayar, ko ya lanƙwasa wilin. Kuma ba ta da kaurin da za a rage mata iska ta baje.

Shi ya sa ake sauko da wili zuwa inci 17 ko 18, a sa taya mai kaurin gefe da manyan haƙora, irin su BFGoodrich All-Terrain. Amma a nan ma akwai iyaka. Manyan motocin nan birkinsu babba ne, ba kowane ƙaramin wili ke shiga ba. Idan kuma tayar ta yi tsayi da yawa, sai ta riƙa gogar jikin mota duk lokacin da aka karya sitiyari, har sai an yanke wani wuri. Wanda ya tashi daga taya mai tsayin inci 31 ya koma 33 ya sani cewa agogon gudunsa ya daina faɗa masa gaskiya: yana nuna 100, alhali motar na kan 106 ko kusa. Birki na ƙara nisa kafin ya tsayar da ita, mai kuma na ƙara tafiya.

Ga mai shiga rairayi, ma'aunin iska da ɗan injin hura taya sun fi duk wani ƙarfe da zai saya amfani. Taya mai ƙarancin iska tana shimfiɗa tafinta ta yi iyo a kan rairayi, mai cikakkiyar iska kuwa haƙa rami take yi. Sai dai da an dawo kwalta dole a mayar da iskar, in ba haka ba tayar ta yi zafi ta fashe ana cikin gudu.

Ɗaga mota da abin da ke biyo baya

Daga taya sai ƙafafu. Ana canza sifirin da shokazoba don cikin mota ya yi nisa da ƙasa. A nan ne motar alfarma ta fi ba da wahala, domin ƙafafunta ba sifirin zalla ba ne. LX 570 tana da wani tsari na mai da famfo da ke ɗaga ta ya sauke ta da kansa. GX 470 jakunkunan iska ne a bayanta. Range Rover kuwa duk ƙafafunta huɗu a kan iska suke tsaye, kwamfuta na lura da su.

Masu gyara sun rabu biyu a kan wannan. Wasu na cewa a cire duka a sa sifirin ƙarfe, domin jakar iska idan ta huje a tsakiyar daji, motar zama take yi a kan cikinta, kuma babu mai faci da zai iya ɗinke ta. Wasu kuma na ganin wauta ce ka sayi mota don laushin tafiyarta sannan ka cire abin da ke ba ta laushin. Tsarin Lexus, in ji su, yana da ƙarko matuƙar ana canza masa mai a kan kari. Duka ɓangarorin suna da hujja. Abin da zai raba gardamar shi ne nisan inda za ka daga bakaniken da ya san motar.

Ɗagawa kaɗan, kamar santimita 5, ba ta cika kawo matsala ba, kuma a yawancin jihohin Ostireliya kusan nan ne iyakar da doka ta yarda mutum ya kai ba tare da takardar injiniya ba. Da an zarce haka, sandunan da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba sai su karkace su riƙa ci da wuri, saitin ƙafa ya ɓaci, sitiyari ya fara yawo. Babban abin tsoro kuma shi ne, duk yadda mota ta ƙara tsayi, haka take ƙara saurin kifewa idan aka kauce wa rami ko akuya da gudu.

Ƙarfe a gaba, ƙarfe a ƙasa

Farantin ƙarfe da ake ɗaurawa a ƙarƙashin inji da tankin mai ba ya ɗaukar ido, amma yana cikin abubuwan da suka fi cancantar kuɗinsu. Haka ma ƙarafan gefe da ake sawa a madadin matakan ado, waɗanda dutse na farko ke murƙushewa.

Bambar ƙarfe ita ce ta fi jawo ce-ce-ku-ce. Amfaninta a fili yake: tana kare lagireto idan an yi karo da dabba, tana ba da wurin ɗaura winci, wato injin nan mai naɗe igiya da ke jawo mota idan ta kafe. Amma gaban motar zamani cike yake da na'urori. Akwai masu jin karo su buɗe jakar iska, akwai kyamara, akwai rada mai taka birki da kanta. Kamfanonin kirki suna gwada bambarsu don ta yi aiki tare da waɗannan. Wadda mai walda ya ƙera da bututun ruwa a bakin hanya kuwa, ba wanda ya san abin da za ta yi ranar haɗari. Tana iya hana gaban mota lotsewa ya shanye ƙarfin karo, sai ƙarfin ya wuce kai tsaye ga mutanen ciki.

Ga wanda ke tafiya a ƙasa abin ya fi muni. Bambar roba tana lanƙwashewa, ta ƙarfe kuwa tana daidai ƙirjin yaro ko kansa. Saboda haka Tarayyar Turai ta ɗaure ta da tsauraran sharuɗɗa tun tsakiyar shekarun 2000, Indiya kuma ta haramta ta a ƙarshen 2017. A ganina, wanda motarsa ke yini a cikin gari, tsakanin 'yan makaranta da masu babur da masu talla, ba shi da wata hujja ta ɗaura wannan ƙarfe.

Sai bututun nan da ke hawa ta gefen gilashi, wanda ke sa inji shaƙar iska daga sama. Mutane da yawa sun ɗauka lasisin shiga kogi ne. Babban aikinsa na kullum shi ne rage ƙurar da inji ke sha. Ko da inji bai sha ruwa ba, kwamfutocin da ke ƙarƙashin kujeru da daɓen motar alfarma ba sa jure jiƙa, kuma ruwa mai gudu da ya kai gwiwa yana iya tafiya da mota.

Winci da igiyar ja su ma suna da nasu haɗarin. A Ostireliya an sha rasa rayuka saboda an maƙala igiyar fizga a ƙwallon jan tirela, ƙwallon ya tsinke ya taso ya fasa gilashi. Igiya tana da wuraren da aka tanada don ita a jikin ƙashin mota, kuma duk mai kallo ya kamata ya ja baya nesa.

Nauyi, abin da ba a gani a hoto

Idan akwai abu ɗaya da masu wannan sha'awa suka fi sakaci da shi, to nauyi ne. Land Cruiser 200 da kanta tana da nauyin kusan tan 2.7, kuma iyakar abin da kamfani ya yarda ta kai, da mutane da kaya da komai, bai wuce tan 3.3 da 'yan kai ba. Ke nan abin da ya rage wa mai ita kilo 600 ne ko sama kaɗan.

To a yi lissafi. Bambar ƙarfe da winci sun kusa kilo 100. Ta baya mai ɗauke da safaya biyu ta kai haka ko ta fi. Akwatunan kaya da firiji da batir na biyu, wani 100 ɗin. Tantin sama da ƙarfen da ya zauna a kai, 70 zuwa 80. Ƙarin tankin mai da jarkokin ruwa, 100 ko fiye. Kafin direba ya zauna an cinye kusan kilo 500. Idan magidanta huɗu suka shiga da jakunkunansu, mota ta haura iyaka.

Motar da ta haura iyaka ba ta kuka nan take. A hankali birki ke zafi a gangara, giya ke wahala, shokazoba ke yoyo, wani lokaci ƙashin motar ya tsage a hanya mai gargada. A rairayi kuma nauyi shi ne babban abokin gaba, domin mai nauyi ita ke fara nutsewa. Kayan da aka ɗora a sama sun fi kowanne illa, a motoci da yawa rufin bai kamata ya ɗauki fiye da kilo 100 ba. A Ostireliya matsalar ta kai har akwai sana'a guda ta ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya bisa doka, da sa hannun injiniya. A Jamus kuma duk wani babban canji sai hukumar binciken motoci ta TÜV ko makamanciyarta ta duba an shigar da shi takarda. Kamfanonin inshora na iya ƙin biya idan suka gano an yi canjin da ba a sanar da su ba, garantin kamfani ma yakan faɗi a kan duk abin da canjin ya lalata.

Masu ƙera motoci sun bi sahu

Kamfanoni sun ga kuɗin da ke zuba a garejin masu gyara, su ma suka shigo. Land Cruiser 300 da ta fito a 2021 tana da samfurin GR Sport mai makullin aksul gaba da baya, wanda ke tilasta tayoyi su juya tare ko da ɗaya na lilo a sama. Lexus GX 550 ta 2024 ta zo da samfurin Overtrail, da taya mai inci 33 a kan wili mai inci 18 tun daga kamfani. Wannan ya nuna masu gyara sun yi gaskiya tun farko game da taya. Ga mai hali, saya a haka ya fi kwanciyar rai, tunda injiniyoyin da suka ƙera birki da kwamfutar motar su ne suka gwada ta da waɗannan kaya.

Masu kare muhalli kuma suna da nasu ƙorafin, kuma ba na banza ba ne. A hamadar Namibiya sawun taya ɗaya kan shekara da shekaru bai goge ba. A yankin Sahel, mota mai ja da tayoyi huɗu ce ta sauƙaƙa wa mafarauta bin barewa har ta gaji ta faɗi. Mota ta iya shiga ko'ina ba ya nufin ko'ina ya halatta ta shiga, balle gonar wani da damina.

Mu fa a nan?

Manyan jif ba baƙi ba ne a Abuja ko Kano ko Yamai. Su ne motocin gwamnoni da 'yan majalisa da manyan 'yan kasuwa. Sai dai gyaran da ya fi tashe a wurinmu ya saɓa da wancan: a ɗauki LX 570 ta 2010 a canza mata fitilu da bamba ta koma kamar ta 2020, a ƙara mata girman wili. Wasu kuma sulke ake yi musu na kare harsashi, wanda ke ɗora musu nauyi mai yawa, ya sa dole a sake birki da sifirin. Yawon shaƙatawa a daji kuwa, rashin tsaro ya rufe ƙofarsa a wurare da dama, ga tsadar mai tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Injin LX 570 mai lita 5.7 yakan sha lita 15 zuwa 18 a kilomita 100 tun ba a ɗora masa komai ba.

Amma ilimin tuƙi a inda babu hanya, muna da shi tun kafin a fara ɗaukar hotonsa. Direbobin Agadez da ke ratsa hamadar Tenere zuwa Dirku da Bilma ba sa neman Lexus. Hilux suke so, ko Land Cruiser 70, wadda ake ƙerawa tun 1984 ba tare da ta canza hali sosai ba. Kayan aikinsu faranta ne na ƙarfe da ake shimfiɗawa ƙarƙashin taya idan ta kafe, da shebur, da famfon iska, da gangunan mai da ruwa, kuma ba sa tafiya mota ɗaya. Sun san rairayin safe ya fi na rana tsaka tauri, suna gane inda zai ɗauki mota daga launinsa. A tsaunin Mambila na jihar Taraba ma, tsofaffin Land Rover ne har yanzu ke hawa da sauka da buhunan kaya, saboda duk abin da ya lalace a jikinsu bakaniken ƙauye zai iya kwancewa ya ɗaura.

Wannan ne ya kamata mai LX ko Prado da ke son kai ta gona, ko ƙauyensu da damina, ko tuddan rairayin Yusufari a Yobe, ya tsaya ya duba. Na'urar da ta lalace a Dubai ana samun sabuwa kafin la'asar. A nan kuwa sai an bincike Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas, wani lokaci a ƙare da jiran saƙo daga waje na makonni, mota na jibge a gareji. Kasuwa kuma cike take da jabun shokazoba da fitilu masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni.

Ga irin hanyoyinmu, taya mai kauri a kan ƙaramin wili, da safaya ta biyu, da farantin kare inji, da injin hura taya, da igiyar ja mai kyau sun biya mafi yawan buƙata. Wanda ya ga lallai sai ya wuce nan, to kafin ya biya kuɗin tanti ko ƙarin tanki, ya cika motar da mai da mutanen da zai ɗauka, ya kai ta sikelin da ake auna manyan motoci, ya gwada abin da ya gani da lambar da kamfani ya rubuta a jikin ƙofar direba.